Fenti Tara a Kan Matakalar Yaya

A layinmu babu mai kiran mai fentin nan da sunan da aka raɗa masa. Sai-da-Ja ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya kawo masa ƙarfe, ƙofa ce ko taga ko ƙafafun tankin ruwa, ya ce fari yake so ko shuɗi, amsa ɗaya yake samu: "Za a yi, amma sai da ja."

Jan da yake nufi shi ne fentin da ake fara fesa wa ƙarfe tsirara kafin a ɗora mai launi a kai. Shi ke kama jikin ƙarfen, ya hana ruwa da iska su kai gare shi su haifar da tsatsa. Ba shi da kyan gani, launinsa kamar busasshen jini, kuma da an gama aiki babu mai sake ganinsa. Wannan ne ya sa masu fenti da yawa suka gano cewa abin da ba a gani ba lallai ne a saka shi ba. Sai-da-Ja bai taɓa kaiwa ga wannan zurfin ilimi ba. Kusan shekara talatin yana kare mutuncin fentin da ake binnewa, har sunan ya zama shi ne dukiyarsa. Ba shi da mota, gidansa ɗaki uku ne, tari kuma ya zauna masa a ƙirji tun zamanin da masu feshi ke ɗaukar sa takunkumi a matsayin ragwanci. Amma ko'ina aka je, in aka ce ƙofar nan Sai-da-Ja ne ya fesa ta, magana ta ƙare.

Rumfarsa ta kwano ce, a ƙarshen layi. Akwai tsohuwar kwamfaresa, injin ba da iskar feshi, da ke taya shi tari, bindigogin feshi uku a rataye a ƙusa, burushin waya, sanfefa a ɗaure da roba, da bangon da ya sha gwajin launi har ba a san asalinsa ba. Aikinsa ba ya canzawa. Zai kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske, ya goge ƙura da maiƙo da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya fesa ja siriri daga nisan taki ɗaya, ya jira ya bushe, ya sake fesawa, ya sake jira. Jiran nan shi ke ƙona ran mutane. Mai ƙofa zai zo ya ce ɓarayi ba sa jira, shi kuma ya ce tsatsa ko barci ba ta yi. Kafin ya fesa komai kuwa, sai ya ɗauki ƙusa da guduma ya buga ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, a wani lungu na ƙarfen inda ido ba ya zuwa. "Don in aiki ya dawo kada a yi gardama," in ji shi. Ɗigo ukun nan suna jikin ƙofar rumfarsa ma, manya-manya, kowa a layin ya san su.

Matarsa ta ce ranar da ya fara zuwa gidansu ya fi daɗewa yana kallon ƙofar babanta a kan kallonta, kuma kafin ya tafi sai da ya shaida wa tsohon cewa tsatsa ta fara cin gindin ƙofar. Ta aure shi duk da haka. Ta ce aƙalla ta samu mutumin da ba ya iya rufe aibi, ko na surukinsa ne.

Yana da wani hali da ya sa 'yan sana'arsu ba sa son ganinsa kusa da aikinsu. A aljihunsa akwai 'yar wuƙa. In aka kira shi kan ƙarfen da ya lalace, ba ya fara aiki sai ya kankare wuri guda a karkace, yadda fentin da aka yi ta ɗorawa shekara da shekaru zai fito layi-layi, sannan ya karanta su da ƙarfi, kowanne da sunan mai shi. Ya san hannun kowa. Ya san mai fesawa a kan ƙura, ya san mai cika tina har fenti ya koma ruwan wanki. Mukan bar shagunanmu mu je sauraro, domin nishaɗi ne na kyauta, kuma waɗanda ake yi da su ba sa wurin.

Mutum ɗaya ce a duniya bakinsa ke mutuwa a gabanta, ita ce yayarsa. Mahaifiyarsu ta rasu yana shekara biyar, ita tana da goma sha shida, ita ta yi masa wanka, ita ta cire masa ƙaya, ita ta kai shi wurin tsohon da ya koya masa feshi ta ce a riƙe shi da kyau, in ya yi wasa a aiko mata. Har yau, da furfurarsa da jikokinsa biyu, Auta take ce masa, shi kuma ya amsa da "Na'am, Yaya" yana gyara tsayuwa. Matarsa ta ce ta yi shekara ashirin da bakwai tana jira ta ji ya ce wa Yaya a'a, ko a kan gishiri ne, har ta haƙura.

Yaya ɗinki take yi. Shekara goma sha biyu ke nan da ta kama saman wani bene a tsakiyar layin, da kekuna biyar da mata shida da ke aiki a ƙarƙashinta, da wani ƙaton teburin katako na yankan yadi, ja mai duhu, wanda ya girmi yawancin matan. Hanyar hawa ɗaya ce, matakalar ƙarfe ce a waje, taki goma sha takwas, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta. Sai-da-Ja yakan hau ta duk mako ya gaida Yaya, kuma bai taɓa hawa bai yi tsaki ba. Mai ginin bai taɓa ba shi aikinta ba, domin shi kwana huɗu zai ce, wasu kuwa kafin azahar sun gama sun wanke hannu.

Bana da damina ta wuce, fentin matakalar ya yi ƙuraje, ya fara ɓarewa yana kama bakin zannuwan mata. Yaya ta aika aka kira mai ginin, ta ce masa wannan karon ƙaninta zai yi. Mai ginin mutum ne mai son gardama, amma shi ma ya san iyakarsa.

Da hantsi Sai-da-Ja ya iso da kwamfaresarsa a baro, da tsani, da gwangwanin ja. Matan suna sama suna aiki, ana jin ƙarar kekuna. Mai walda na maƙwabta ya fito, mai kemis ya fito, mai faci ya bar taya a cikin ruwa ya taho. Duk mun san za a yi karatu.

Bai fara da wuƙa ba. Ya durƙusa a gindin ɗaya daga cikin manyan ƙarafa biyun da ke ɗauke da matakalar, ya ƙwanƙwasa da bayan sukundireba. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi. Wannan sai ya amsa kamar an bugi kwali. Ya juya sukundirebar, ya ɗora bakinta a kan fentin, ya ɗan danna, ba da ƙarfi ba. Ta shige har mariƙi, kamar a cikin burodi. Da ya zaro ta, jan gari ya biyo baya yana zuba a kan takalminsa.

"Innalillahi," in ji mai kemis. Ya ja da baya, domin shagonsa a ƙarƙashin matakalar yake.

Sai-da-Ja ya koma ɗaya ƙarfen, ya danna. Nan ma ta shige. Ya gwada ƙarƙashin taki na huɗu, wani ɓawo kamar tafin hannu ya faɗo, ta ramin muna hango sama.

"Wannan ba matakala ba ce," ya ce a hankali. "Fenti ne a tsaye. Ƙarfen ya daɗe da tafiya, bai yi sallama ba." Sannan ya ɗaga murya. "Yaya! Kada wadda ta sauko! Kada wadda ta taka ko taki ɗaya!"

Kekuna suka tsaya. Yaya ta fito barandar siminti da ke gaban shagon, da almakashi a hannu, matan suna leƙe ta bayanta.

"Auta, lafiya kake mini ihu a titi kamar na ci maka wani abu?"

"Matakalar ta mutu, Yaya."

"Da safen nan na hau ta."

"Allah ne ya hau da ke."

Mai ginin ya durƙusa ya leƙa ramin, ya miƙe, ya sake durƙusawa. Ya ce ko za a iya cike wurin a fesa a kai, tunda dai an riga an kawo kayan aiki. Mai walda ya tambaye shi ko yana son a fesa masa launin da zai dace da motar asibiti. Daga nan mai ginin ya bar wannan shawarar, ya koma neman wanda za a ɗora wa laifi, wanda shi ne abu na biyu da ke zuwa wa mai gini a rai.

"Duk shekara uku ina sa a fesa ta," ya ce. "Duk shekara uku! Malam, duba mini. Ina so in san wanda ya yi mini wannan."

Abin da muke jira ke nan. Sai-da-Ja ya jingina tsaninsa da bango, ba da matakalar ba, ya hau har ƙarƙashin faffaɗan ƙarfen da ke bakin ƙofar shagon. Can a lungu ruwa ba ya zuwa, don haka fentin kowa yana nan yadda ya bar shi. Ya fito da wuƙa ya fara kankara, mu kuma muna ƙasa mun ɗaga kai.

"Na sama, ruwan toka, na Mai Sauri ne. A kan ƙura ya fesa, ga yashi nan ina ji a bakin wuƙa. Ko tsumma bai sa ba."

Aka yi dariya.

"Shuɗin nan na Ɗan Tina ne. In ka sa jarida a bayansa za ka karanta. Ƙarƙashinsa baƙi, wannan ba feshi ba ne ma, da buroshi aka shafa, ga gashin a manne. Yallaɓai, wa ka samo?"

"Ƙanin matata ne," in ji mai ginin, yana kallon wani wuri.

"Allah ya ba shi wata sana'ar."

Haka ya yi ta sauka, shekara uku-uku. Wani ya fesa ja, amma a kan tsohon fenti, wanda Sai-da-Ja ya ce daidai yake da sa wa mutum singileti a kan babbar riga. Wani ya bar fenti ya yi hawaye. Biyu daga cikinsu sun rasu, ya yi musu addu'a sannan ya faɗi laifinsu. Da ya kai na takwas sai ya dakata, ya juyo ya dube mu.

"Duk waɗannan 'yan rakiya ne," ya ce. "Laifinsu ba su kankare sun duba ba. Uban tafiyar shi ne na ƙasa, wanda ya samu ƙarfen nan sabo yana walƙiya. In ya sa ja, to ruwa ne ya fi ƙarfinsa, na yafe masa. In bai sa ba, shi ya kashe matakalar nan tun ranar farko, kuma ko yana kabari sai na faɗi sunansa."

"Faɗi, Malam!" in ji mai faci.

Ya juya ya ci gaba. Muna jin ƙarar wuƙar, ƙyas, ƙyas. Sai ya ce, "Kore." Ya ƙara kankarewa. "Babu ja. Kore a kan ƙarfe tsirara. Wane marar tsoron Allah ne..."

Bai ƙarasa ba. Wuƙar ta tsaya. Muka ga ya ɗora babban yatsansa a kan wurin, ya danne, kamar mai tsayar da jini. Ya daɗe a haka. Mai kemis ya ɗauka jiri ne ya kama shi, har ya matso ya riƙe tsanin.

Abin da ya gani, daga baya muka gan shi mu ma. Da wuƙar ta share koren ta kai ga ƙarfe, fentin ya tafi duka, sai a wuri uku da ya maƙale a cikin 'yan ramuka. Ɗigo uku kore, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Lungun da ruwa ba ya zuwa shi ne lungun da ido ba ya zuwa, kuma mutum ɗaya ne yake neman irin wannan lungun, ko zai karanta ko zai buga alama.

A lokacin kuwa babu wanda ya gani sai shi. Yana sama, muna ƙasa, yatsansa a kai.

"Wa ye?" in ji mai ginin.

Sai-da-Ja bai ɗaga yatsan ba.

Mai walda, wanda ya girme mu duka, ya ce, "Kore mai duhu? Ai na tuna. Irin wanda marigayi maigidanka yake haɗawa ne, wanda ya koya maka. Tsohon nan da ya tsufa ai hannunsa ya yi sanyi. Allah ya jiƙansa, a bar maganar."

Ga ƙofa an buɗe masa, har an ɗaga labule. Tsohon ya shekara ashirin a ƙasa, ba shi da ɗa a sana'ar, ba zai zo ya yi gardama ba. Da Sai-da-Ja ya gyaɗa kai kawai, da an yi wa mamaci addu'a an watse, matakalar kuma ta tafi wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ɗigonta uku.

Ya cire yatsan.

"Nawa ne," ya ce.

Babu wanda ya gane. Mai faci har ya yi dariya, yana jiran ƙarshen barkwancin.

"Na ce nawa ne. Tsoho bai taɓa fesa kore a kan tsirara ba. Ni ne. Hau ka gani."

Ya sauko, mai walda ya hau, ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Ya sauko yana salati ƙasa-ƙasa. Bayansa mai kemis ya hau, sannan mai ginin, sannan mai faci. Ban taɓa ganin mutane sun bi layi don kallon ɗigo uku ba. Kowa ya sauko sai ya kalli Sai-da-Ja kamar wanda aka ce masa liman ne ya sace agogon masallaci. Shi kuwa yana zaune a bakin baro, hularsa a gwiwa.

"Wai me ake kallo ne?" Yaya ta tambaya daga baranda. "Auta, da kai nake."

"Ni na fara fesa matakalar nan, Yaya. Ban sa ja ba."

"Kai? Yaushe? Shekara goma sha biyu ina nan ban gan ka da bindiga a wurin nan ba."

"Kafin a gina benen ne. Shekara ashirin da takwas. A filin wani mai walda na fesa ta, tana kwance gunduwa-gunduwa, ban san inda za a kai ta ba. Mota za ta zo ɗauka da yamma. Gwangwanin ja ɗaya gare ni, shagon fenti kuma a rufe ranar. Ranar da kika zo da teburi a kan kurar turawa."

Matan da ke bayan Yaya suka juya gaba ɗaya suka kalli cikin shago, inda teburin yankan yadi yake.

Sauran labarin a tsakaninsu muka tsinta, shi daga ƙasa, ita daga sama, duk layi yana ji. A lokacin ta fara ɗinki ke nan a ɗakinta, wani kafinta ya yi mata sabon teburi, fari fat, ita kuma ba ta son farin katako, ta ce yana nuna datti. Ta biyo wurin ƙaninta, ta ga gwangwani a buɗe, launin ya yi mata. Ta ce a fesa mata. Ya ce wannan ba launi ba ne, na ƙasa ne, na ƙarfe. Ta ce ita ba ta tambaye shi tarihinsa ba. Ya fesa. Katako kuwa shan fenti yake kamar raƙumi ya samu rijiya, ta ce a ƙara, ya ƙara, har gwangwani ya ga ƙasansa. Da yamma mota ta zo, matakala ta tafi da kore mai sheƙi, kowa ya yaba. Ya gaya wa kansa cewa wataƙila a cikin gida za a kafa ta. Washegari ya sayi ja galan biyu, kuma daga ranar ne ya fara ce wa mutane sai da ja, da irin zafin da har ya zama suna. Mu duk a zatonmu daga tsoho ya gaji zafin.

"To ni na san na matakala ne?" in ji Yaya. "Ka buɗe baki ka gaya mini?"

"Na gaya miki na ƙarfe ne."

"Ka ce a'a?"

"Ban ce ba, Yaya."

"To." Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Kuma fentin ai mai kyau ne. Shekara ashirin da takwas, ga teburin nan, bai taɓa yin tsatsa ba."

Mai walda ya buɗe baki zai yi bayani a kan katako, ya dubi fuskarta, ya rufe.

Mai kemis ne ya lissafa abin da kowa ke juyawa a ransa. Ya ce ashe ranar da Yaya ta tare a shagon, ƙarti huɗu ne suka hau da teburin ta kan matakalar. Wato jan ya hau matakalarsa dai daga ƙarshe, sai dai a kafaɗar mutane, kuma bai tsaya ba.

Saura saukowa. Mai walda ya kawo dogon tsaninsa aka kafa a baranda, maza huɗu suka riƙe. Matan suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ɗaure zani tamau tana kiran sunan Allah. Yaya ce ta ƙarshe. Shekararta sittin da bakwai, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, kuma Allah ya yi mata jiki. Ta ce duk namijin da ya ɗaga kai sai ta san abin da ta yi da shi, don haka muka riƙe tsani muna kallon ƙasa kamar masu neman allura. Sai-da-Ja ne a gindi, kafaɗarsa a jikin tsanin, idonsa a rufe, yana ƙirga takunta da baki. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta dafa kansa ta daidaita, ta ce masa hularsa ta yi datti.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Washegari Mai Sauri ya zo da kansa, da Ɗan Tina a bayan babur, wai sun zo jaje. Suka nemi a nuna musu wurin. Mai Sauri ya daɗe a kan tsani, ya sauko yana share ido, ya ce shi dai yashi kawai aka samu a nasa. Ɗan Tina ya ce laifi tudu ne, amma bai taɓa ganin wanda ya hau nasa da tsani ya kira jama'a ba. Sai-da-Ja ya ba su wurin zama, ya saya musu shayi. Kwana biyu 'yar wuƙar ba ta fito daga aljihu ba. Matarsa ta ce ko abinci sai ta tuna masa. Wani mai ƙofa da ya kawo aiki tun makon da ya wuce ya dawo ya tsaya a kansa, wai yana so ya ga jan da idonsa. Kusan shekara talatin babu wanda ya taɓa neman haka. Sai-da-Ja ya kawo masa kujera.

Mai walda ya yanke tsohuwar matakalar, ya ƙera sabuwa cikin kwana tara. Aikin fentin, Sai-da-Ja aka ba. Mun so mu ce gaskiyar da ya faɗa ce ta burge mai ginin, har mai kemis ya fara tsara yadda zai riƙa ba da labarin. Amma Yaya ce ta ce a ba shi, mai ginin kuma bai ga dalilin sake gwada iyakarsa ba.

A filin gaban benen aka kwantar da sabuwar matakalar. Yaya da matanta sun sauko da kekuna da teburin ta igiya, sun kafa aiki a rumfar mai kemis kafin a gama. Sai-da-Ja ya buga ɗigonsa uku, ya goge ƙarfen da tina har sau biyu, ya sa takunkumi, ya fesa ja. Ya jira. Ya juya ta, ya bi kowane lungu da kowane bakin walda. A rana ta uku ya rage masa shafi na biyu a ƙarƙashin taki uku na ƙarshe, jan da ke cikin gwangwani kuma daidai su ne, ba ragi.

Yana tace shi cikin kofin bindiga sai Yaya ta taso, tana jan ƙafarta, ta tsaya a kansa. Ta leƙa gwangwanin.

"Auta, igiyar nan ta goge mini gefen teburi. Ɗan ragowar nan, fesa mini a wurin."

Ya miƙe tsaye. Ya sauke takunkumin zuwa haɓa.

"A'a, Yaya."

Kekuna biyar suka tsaya a lokaci ɗaya. Mai faci, da ke ba taya iska, ya bar ta tana sha har sai da aka yi masa tsawa. Matar Sai-da-Ja ta kawo masa abincin rana ke nan, ta tsaya da kwano a hannu, bakinta a buɗe. Ranar da sukundireba ta shige ƙarfe ma ba a yi irin wannan shirun ba.

"Me ka ce?"

"Na ce a'a. Na matakala ne."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, kallon da take yi wa yadin da ba ta yarda da awonsa ba.

"Ashe kalmar tana bakinka," ta ce. "Da ka fito da ita tun wancan karon, ai da ban sauko ta tsani a gaban mai faci ba."

Ta juya ta koma wurin aikinta, ta ce wa matan me suke kallo. Sai-da-Ja ya mayar da takunkumi, ya tayar da kwamfaresa. Sannan ya durƙusa ya fesa ƙarƙashin taki ukun, siriri, daga nisan taki ɗaya.

Matarsa ta ce a ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari. Gefen teburin kuwa yana nan a goge, farin katako a waje. Yaya takan nuna wa masu kawo ɗinki wurin, ta ce aikin ƙaninta ne, mutum ne mai taurin kai tun yana yaro.